Binciken da Na Yi wa Manemin 'Yar Yayana

A gidanmu na Ƙofar Dumi, idan aka zo neman auren yarinya, ni ake ba wa bincike. Ba don na fi kowa shekaru ba, Yaya na nan da ransa, kuma ya ba ni shekara tara. Sana'ata ce ta jawo min. Ni mai gyaran keken ɗinki ne, na fi shekara talatin ina zagaya shagunan teloli daga Wunti har Ƙofar Wambai da jakar kayan aiki a hammata. Shi kuwa tela, da zarar ƙafarsa ta huta, bakinsa ne ke karɓar aiki. Kafin in kwance kan keke in wanke in mayar, na ji wanda aka kora daga aiki, da wanda ke shaye-shaye a ɓoye, da wanda uwarsa ke kuka da shi.

Kuma ina ji da kaina a kan abin, ba zan ɓoye ba. Ni ne na gano wani da ya riƙa zuwa zance gidanmu da jar mota yana kaɗa makulli, ashe a wurin wankin mota yake aiki, motar mutane ce yake ɗan zagayawa da ita kafin mai ita ya dawo. Shekara biyar ina ba da wannan labarin a majalisa, kullum da ɗan ƙari. Matata takan ce da gwamnati ta san da ni da ta huta da ɗaukar masu bincike. Na daɗe ina ɗaukar maganar yabo kafin in gane ba'a take min.

Wannan ji-da-kan ne ya kusa sa a kashe mutum. Gara in faɗa tun yanzu: yaron da ya zo neman 'yar Yaya ɗan sandan ciki ne, yana cikin sashen da aka ware don sa kunne a kan masu dasa bama-bamai. Ban sani ba a lokacin. Duk abin da zan faɗa a nan da zuciya ɗaya na yi shi, kuma duk tambayar da na yi a gari ƙara jefa shi cikin haɗari take.

Shekarun nan ne da gari ya rikice. In ka zo shinge a kan babur sai ka sauka, ka kashe, ka tura har ka wuce buhunan yashi. Ran Juma'a a laluba mu a ƙofar masallaci, ran Lahadi a laluba maƙwabtanmu a ƙofar coci. Ba a kiran sunan masu abin, sai dai a ce “mutanen nan”, a kuma rage murya. 'Yan sanda kuwa su ake farauta. Akwai wani kofur a layinmu da ya daina shanya kakinsa a tsakar gida, a cikin ɗaki matarsa ke ɗaura igiya. Da jallabiya yake fita, kakin na cikin leda, sai ya isa ofis ya sa. Kowa ya san in aka gane kai ɗan sanda ne, aka kuma san inda kake kwana, mutum biyu a kan babur sun ishe ka.

Ita yarinyar malamar firamare ce, mai hankali, ba ta da yawan magana. A hannuna ta koyi tafiya, don ɗakina da na iyayenta bango ɗaya ne ya raba. Ita ta kawo maganar ta bakin mahaifiyarta. Bayan mako biyu kawun yaron ya zo daga wajen Misau da goro da dattawa biyu. Aka tambayi sana'a, ya ce yaron na da tebur a bakin tasha kusa da Wunti, yana sayar da caja da batir, yana kuma yi wa mutane cajin waya. Yaya ya ce a ba mu lokaci. Da suka tafi ya dube ni ya ce, “To, sai ka duba mana.”

Binciken aure yana da ƙa'idarsa, kuma ni ba na karya ta. Ba a tambayar yaro, don ba zai faɗi aibin kansa ba, kuma bai dace suruki ya zauna yana tuhumar mai neman 'yarsa ba. Ba a tambayar yarinya, don mai so ba ta gani. Liman ake tambaya, da mai gidan haya, da abokan sana'a, da mai shayin unguwa. Haka na tarar ana yi, haka aka yi min lokacin nawa.

Na fara da limamin ƙaramin masallacin da yake salla. Ya ce yaro ne natsattse, ba ya fashin jam'i in yana gari. Mai gidan da yake haya a wani lungu a Ƙofar Wambai ya ce bai taɓa jin muryarsa a sama ba, kuma bai taɓa ganin baƙo ya zo wurinsa ba. Masu tebur na kusa da shi suka ce ba shi da abokin faɗa. Wani uban da nan zai tsaya ya gode wa Allah. Ni kuwa nan hankalina ya fara tashi. Mutum ya shekara a gari a ce babu wanda ya san abokinsa, babu wanda suka yi makaranta tare, babu ko mai jin haushinsa? Ban taɓa ganin haka ba.

Sai na koma zama a shagon wani tela da ke kallon teburin nasa, na kwance masa keke lafiyayye ina ta shafa mai har kwana uku. Abin da na gani bai min daɗi ba. Kayan teburin ba sa raguwa, amma bencinsa ba ya rabo da mutane: direbobi, 'yan acaɓa, 'yan kamasho, baƙin da suka sauka daga mota wayarsu ta mutu. Suna ta zuba, shi kuwa kansa na ƙasa yana jona wayoyi, sai dai ya yi murmushi. Wayarsa biyu, ɗaya ba ya fito da ita a gaban mutane. Duk ran Talata teburin a rufe. Telan kuma ya ƙara min da cewa yaron ba shi da malami ɗaya, yau a gan shi a wa'azin waɗannan, jibi a gan shi a na waɗancan, har da wurin wasu da mutane suka fara ja da baya da su.

A wancan lokacin, duk wanda ya haɗa waɗannan abubuwa wuri ɗaya, amsa ɗaya zai samu. Na yanke cewa yaron na mutanen nan ne. Tsoro ya kama ni sosai. Na kasa cin abinci. In na ji yarinyar na dariya da ƙannenta a tsakar gida sai in ga kamar da hannuna zan miƙa ta ga masu kisa.

Matata ta gaji da ganina ina tura tuwo gefe. Ta ce, “Malam, ka kira yaron nan mana ka tambaye shi. Ko ita ka kira ta, ai 'yarka ce.”

Na taso mata. “Ni in zauna da mai neman 'yata ina masa tambayoyi? A gidan wa kika taɓa gani? Ki bar min aikina.”

Ta ce, “Allah ya ba da sa'a,” ta ɗauke kwanon.

Ran Talata da safe na bi shi. Ya hau keke-napep daga bakin lungunsu, na hau na bayansa. Ya sauka a Wunti, ya tsallaka titi, ya hau wani mai komawa inda muka fito. Na bi. Ya sake sauka, ya shiga wani kemis, ya daɗe bai fito ba. Abin da bai sani ba shi ne kemis ɗin yana da ƙofar baya mai fita wani siririn lungu, kuma akwai wata tela a lungun da na sha gyara wa keke. Na zagaya, sai ga shi can gaba yana sauri. Ya kai ni har wata unguwa mai shiru, gidaje masu dogayen katanga. Ya tsaya a wani baƙin get da ba shi da allo ko lamba, bai ko ƙwanƙwasa ba aka buɗe masa ƙaramar ƙofa. Na zauna ƙarƙashin wata darbejiya har azahar ta kusa, bai fito ba. Na dawo gida tsoro na cina, amma kuma, Allah ya yafe min, ina jin daɗin kaina. Na ce wa zai iya wannan in ba ni ba.

Akwai wani mutum da na haɗu da shi sau biyu a bencin mai shayin tashar lokacin da nake tambaye-tambaye. Mai tsabta, mai sanyin murya, ya ce min albasa yake kawowa. Tun haɗuwarmu ta farko ya gane binciken aure nake, ya yi ta sa min albarka, yana cewa da kowane uba haka yake da ba a ga zawarawa a gari ba. Wanda aka daɗe ba a yaba masa ba ya san yadda irin wannan magana ke shiga. Washegarin ranar da na bi yaron, da safe, na same shi a bencin. Ban ko jira ya tambaya ba. Na kwashe komai na faɗa masa: waya biyu, rufe tebur ran Talata, canjin keke, kemis, baƙin get.

Ya ajiye kofinsa a hankali. “Baƙin get? Wanda ke da itacen mangwaro ya leƙo ta katanga?”

Na ce shi.

“Kuma duk Talata ka ce?”

Na ce duk Talata.

“Allah sarki. To shi a ina yake kwana ne, Alhaji? Ko zan taya ka tambaya.”

Ni da ban taɓa zuwa Makka ba, aka kira ni Alhaji, na kwatanta masa gidan har da launin ƙofa, har da cewa ɗakinsa ne na biyu in ka shiga zaure. Ya gode min, ya ce in bar komai a hannun Allah.

Daga nan Yelwa na nufa. Akwai wani tsohon sufeton 'yan sanda a can, mutumin kudancin jiha, ya daɗe da yin ritaya. Matarsa ke ɗinka wa matan cocinsu kaya, ni kuma nake duba mata keke, har muka saba da shi. Injiniya yake kirana don tsokana. Niyyata in tambaye shi yadda ake kai rahoton mutum ba tare da sunan mai kaiwa ya fito ba. Na same shi a baranda yana ɓare gyaɗa. Na ba shi labarin tiryan-tiryan, ina jiran ya jinjina min.

Da na zo kan get ɗin sai ya daina ɓarar. Ya sa na sake kwatanta layin. Sannan ya ce, “Injiniya, wannan gida na sani. Ba na mutanen nan ba ne. Namu ne.”

Na ce ban gane ba.

Ya ce, “Wannan yaro ɗan sanda ne. Ka ji ni da kyau. Wannan aiki ba yau ya fara ba, tun zamanin Turawa akwai shi. Ɗan sanda da ba ya sa kaki, ba ya kama kowa, kunne ne kawai. Mu lokacin namu 'yan siyasa muke saurara da 'yan fashi, ni kaina na yi wata tara ina sayar da rake a tasha. Da wannan masifa ya zo, aka zaɓi yara masu kai, aka ba su horo dabam, aka zuba su a kasuwa da tasha da wurin wa'azi. Aikinsu su ji magana kafin ya zama bam. Mutum zai zauna shekara yana sayar da caja don ya ji kalma guda. Ran Talata ya je ofis ya rubuta, wasu su haɗa da abin da wani ya ji a wani gari. In ka ji an tare mota da kaya kafin ya shigo gari, ba sa'a ba ne, wani ne ya daɗe a kan benci. Kuma ba a yi masa godiya, don babu wanda ya san shi ne.”

Na ji wani sanyi ya sauka a zuciyata, har na fara cewa alhamdu lillahi. Yarinyarmu ta tsira. Sai na ga tsohon bai yi murmushi ba, ido kawai ya zuba min.

“Wa ka gaya wa?”

Na ce akwai wani mai albasa. Ya ce sunansa fa? Ban sani ba. Wa ya san shi a tashar? Ban tambaya ba. Ni da na bi diddigin yaro har mako biyu, ban yi wa wanda na zazzage wa sirrinsa tambaya ko ɗaya ba.

Sufeto ya miƙe, gyaɗar ta zube. Ya ce, “Wataƙila mai albasa ne da gaske, mai son gulma kamar kai. Wataƙila kuma ba shi ba ne. Ni na bar aiki, ban san wa ke riƙe da yaron ba, kuma wannan magana ba na waya ba ne. Ka tashi yanzu ka gaya masa da bakinka. Yanzu, Injiniya, ba gobe ba.”

Ban taɓa ganin nisan Yelwa da Wunti ba sai ranar. Na tari ɗan acaɓa, muka tarar da layi a shinge. Muka sauka muna turawa, wata mata a gabanmu an sa ta kwance ƙullin kayanta ɗaya bayan ɗaya. Duk babur mai mutum biyu da ya wuce ta ɗaya hannun sai na bi shi da ido. Ina ta salati a zuci, ina roƙon Allah ya sa in tarar da shi zaune.

Na tarar da shi. Kansa a ƙasa, yana jona waya, mutum huɗu a bencinsa. Na waiga wurin mai shayi, mai albasa ba ya nan. Da yaron ya gan ni ya zabura ya durƙusa. Na miƙa masa wayata na ce ba ta ɗaukar caji, da ya matso na ce masa ƙasa-ƙasa ya same ni a shagona yanzu, kada ya biya ta gida. Ya ɗago ya dube ni sau ɗaya. Ya ce, “To, Baba.”

Shagona ɗan ƙarami ne, kawunan kekuna sun cinye rabinsa. Na janyo ƙofa, na nuna masa benci, ya ƙi, ya tsuguna a ƙasa kamar yadda suruki ke yi. Ni kuma na kasa kallonsa. Na faɗa masa duk abin da na yi, ban rage komai ba. Abin kunya, a gaban yaron da na haifi kamarsa.

Bai katse ni ba. Da na gama sai muryarsa ta canza, ba ta daina ladabi ba, amma ta zama ta mai aiki. Mutumin dogo ne ko gajere? Hausarsa ta ina ce? Yana da tsage? Da wane hannu ya riƙe kofi? Shi ya fara yi min magana ran farko ko ni? Na yi ta inda-inda. Na tuna farar hularsa da yadda ya yabe ni, amma ko gemunsa cikakke ne ko tsiraru na kasa cewa.

Ya ce, “Na gan ka jiya, Baba, tun daga keken farko. Na san binciken aure ne, na ji nauyin in juyo in yi maka magana. Na ɗauka na ɓace maka a kemis.”

Na ce, “Na san ƙofar bayan nan tun ba a haife ka ba.” Ban san me ya sa na faɗa ba. Har a wannan halin bakina bai daina neman yabo ba.

Ya ɗan yi murmushi. Ya ce shekararsa ɗaya da wata huɗu a kan teburin nan, kuma sai kwanan nan waɗanda yake jira suka fara sakin baki a gabansa. Bai ƙara komai a kai ba. Sannan ya ce, “Ba laifinka ba ne, Baba. Haƙƙinka ne ka bincika.” Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Na tambaye shi, “Ita ta sani?”

“Ta sani tun kafin in turo kawu. Na ce mata kada ta faɗa wa kowa, amma in waliyyinta ya tambaye ta, ta faɗa masa shi kaɗai. Kai ne waliyyin, muna ta jira ka kira ta.”

Ya cire batirin wayarsa ɗaya ya sa a aljihu, ya yi min sallama, ya fita ta cikin kasuwa. Ya bar teburinsa a buɗe da wayoyin mutane a jone.

Kwana goma sha ɗaya babu labarinsa. Ban san mutum zai iya rayuwa da irin wannan fargaba yana kuma zuwa aiki ba. Na koma wurin mai shayi, ya ce shi ma bai san mai albasa ba, kwanan nan ya fara zuwa, kuma bai sake ganinsa ba. A kwana na uku mai gidan hayar ya zo har shagona, ya ce wasu mutum biyu sun zo a kan babur da hantsi suna neman ɗan hayarsa, wai sun ba shi cajin waya ya gudu da ita. Suka leƙa ɗaki na biyu, ba su tambayi wanne ne ba. Wataƙila masu waya ne da gaske, ai ya bar wayoyin mutane. Har yau ban sani ba. Amma da mutumin ya tafi sai da na rufe shago na zauna a ƙasa.

Na daina kunna rediyo da safe, sannan in kasa haƙuri in je wurin maƙwabci in tambaya ko an ce wani abu. In aka ce an harbi wani a wata unguwa sai in bi in ji ko wane ne. Na faɗa wa Yaya komai. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, “To, ka gama binciken?” Bai sake ce min komai a kai ba.

Yarinyar kuwa kullum da safe sai ta zo ƙofar ɗakina ta durƙusa ta gaishe ni kafin ta tafi makaranta, kamar yadda ta saba. Idanunta a kumbure. “Baffa, ina kwana.” In ce lafiya lau, Allah ya yi albarka. Ta tashi ta tafi. Sau goma sha ɗaya muka yi haka, kuma ko sau ɗaya ban iya buɗe baki na ce ta yafe min ba.

Ran na sha biyu kawun ya zo. Yaron na raye. An ɗauke shi daga jihar tun ranar, an mai da shi wani wuri, aikin da ya shekara yana ginawa ya rushe. Kuma yana nan a kan bakansa in za a ba shi. Yaya ya juyo gare ni a gaban baƙi, don al'ada ce mai bincike ya faɗi abin da ya gano. Na ce, “Yaron kirki ne.” Iyakar abin da na iya faɗa ke nan.

A zaurenmu aka ɗaura auren, mutum bai fi goma sha biyar ba. Ba a buga kati ba, ba a yi sanarwa a masallaci ba, ango bai zo ba. Ni ne waliyyi, ni na ce na bayar. Washegari da hantsi mota ɗaya ta zo, ba jerin gwano, ba guɗa. Kafin a fito da ita aka kawo ta ɗakina don in yi mata nasiha kamar yadda baffa ke yi. Ta durƙusa, mayafi ya rufe mata fuska. Na yi 'yar nasihar da zan iya, haƙuri da biyayya da riƙon salla. Sannan na ce, “Wane gari ne ma za a kai ki? Don in an kwana biyu in zo in ga ɗakinki.”

Ta amsa daga cikin mayafin.

“Baffa, ka yi haƙuri. Ba za a faɗa maka ba.”

Na ji zafin maganar har cikin raina, amma na daure. Na ce, “Ba komai. Yana da gaskiya. Ko ni ne shi haka zan ce.”

Ta ce, “Ba shi ya ce ba, Baffa. Shi cewa ya yi a faɗa maka. Ni na ce a'a.”

Ta kama hannuna da hannu biyu tana kuka, na sa mata albarka, aka fita da ita.

Yanzu 'ya'yansu uku. Gari ya lafa, an kwashe buhunan yashi, amma shi yana nan a kan aikinsa, don haka maganar na nan yadda take. Yaya ya san garin, mahaifiyarta ta sani. Matata ma ta sani, sau uku tana zuwa suna. Ban taɓa tambayarta ba. In za ta tafi ni nake ɗaukar mata jaka har tasha, in miƙa mata a bakin get, in juyo da sauri kafin in ga motar da za ta shiga.